Motar da Ta Ci Maki Tara

Ko shekara ɗari zan yi a duniya, ba zan taɓa mantawa da daminar da na zaɓa wa yayana mota ba. Na gwada mantawar, wallahi na gwada, abin ya ƙi. Wani lokaci ina cikin cin tuwo sai abin ya faɗo mani a rai, in ajiye lomar in tsame hannu.

Bari in fara gaya maka ko ni wane ne a lokacin. Na gama kwalejin ilimi da shekara biyu, takardata na kwance a ƙasan akwati. Na ɗan koyar a wata makarantar kuɗi a Ƙanƙara, sai iyaye suka fara kwashe 'ya'yansu saboda halin rashin tsaro da ake ciki, makarantar ta rufe, na tattara na dawo gida Faskari. Daga nan aikina ya koma zama a kan dakali ƙarƙashin bishiyar bedin ƙofar gidanmu, waya a hannu, ina buga gem ɗin tseren motoci tun hantsi har cajin ya mutu. (Idan wani ya zo wucewa sai in ɗaure fuska in gyara zama, kamar mai cike takardar neman aiki.)

A cikin gem ɗin akwai motoci sun fi ɗari, irin na gaske da ake gani a titi, kowace da sunanta da hotonta. A ƙarƙashin kowace an ja layi huɗu: gudu, saurin tashi, riƙe hanya a kwana, da birki. A sama kuma an haɗa mata maki ɗaya cikin goma. Na haddace su kaf. Ka tashe ni daga barci ka kira sunan mota, zan gaya maka makinta. A hankali sai na fara ji a raina cewa na san mota, ni da ban taɓa riƙe sitiyarin gaske ba, ko keke ma sai da na girma na iya.

Gidanmu a lokacin ba daɗi. Baba ya rasu shekarar da ta gabata. Babbar gonarmu tana wajen Ruwan Godiya, damina biyu ke nan ba wanda ya iya taka ta. Duk nauyin gidan ya dawo kan Yaya Lawal: Inna, matarsa, 'ya'yansa huɗu, da ni ƙaton banza a kan dakali. Abin da ya rage mana mai daraja shi ne shanun huɗa guda biyu da Baba ya bari, kullum ana saya masu dusa ba gonar da za su yi wa aiki.

Wata rana da yamma Yaya ya zo ya zauna kusa da ni, abin da bai saba yi ba.

“Zan saida shanun nan,” ya ce. “Gara mu saida su da hannunmu kafin wasu su zo su kora su. Mota nake so in saya, in riƙa ɗaukar fasinja da kaya, nan zuwa Funtua, ranar kasuwa kuma Ƙanƙara.”

Na ce ai shawara ta yi kyau.

“To kai ka yi boko, kuma kullum kana cikin wayar nan. Ka raka ni, ka duba mana wadda ta fi. Ni ba na son dillalai su cuce ni.”

Ka ji wurin da ya kamata in buɗe baki in faɗi gaskiya. Amma ka san shekara biyu ba wanda ya nemi shawarata a kan komai, ko gishirin miya. Sai na ji ƙirjina ya buɗe. Na ce, “Yaya, ka kwantar da hankalinka. Harkar mota ai a tafin hannuna take.”

Aka sayar da shanun. Inna ba ta fito ba ranar da aka ja su. Da sati ya zagayo muka tafi Funtua.

Dillalin ya nuna mana motoci biyu da kuɗinmu zai iya kaiwa. Ɗaya doguwa ce mai faɗin baya, irin wadda ta cika tashoshinmu, fentinta ya koɗe, ƙofar baya sai an ɗaga ana turawa. Ɗayar kuwa baƙa ce wuluk, ƙarama, a kwance take da ƙasa, fitilunta a tsuke kamar idon mage. Ina ganinta na matsa kusa. Na san ta. Ita nake ja a gem kullum, da ita na ci kofi uku. Makinta tara cikin goma. Doguwar ma tana cikin gem ɗin, ita ce ake ba sabon shiga kyauta, makinta uku da ɗan wani abu.

Shi kansa dillalin, Allah ya saka masa, sai da ya ce, “In haya za ku yi, ku ɗauki doguwar. Baƙar nan ta samarin birni ce.”

Na ja Yaya gefe na ce, “Ka ji ko? So yake ya liƙa mana wadda ta ƙi saiduwa.”

Na nemi kwana ɗaya in yi bincike. Binciken da na yi shi ne, na koma gida na samu takarda mai kyau, na ja layi da rula, na kwafe makin motocin biyu daga gem, na rubuta kan kowane layi da Turanci don ya ƙara nauyi. Na kai wa Yaya na ce bayanan masana ne daga ƙasar waje, sun gwada kowace mota sun auna. Ya riƙe takardar da hannu biyu. Ba ya karanta Turanci, amma ya san tara ta fi uku.

Ya ce, “Allah ya yi wa karatun nan naka albarka.”

Ya ninke ta ya sa a aljihun gaba. Kwana biyu bayan haka baƙar mota ta tsaya a ƙofar gidanmu.

Kafin a fara haya, sai aka yi haihuwa a gidan yayarmu Rabi, wadda ke aure a wani ƙauye gaba da Tafoki. Yaya ya ce tafiyar farko ta zama ta alheri, da motar za a je suna. Muka shirya tun da sassafe: shi a tuƙi, Baba Sale ƙanen mahaifinmu a gaba, Inna da matar Yaya da ni a baya. A but ɗin motar aka cusa rabin buhun shinkafa, da kayan jariri, da bokitan cincin, da tabarmi. Muna gama shiga na ji bayan motar ya zauna. Baba Sale ya leƙa ta taga ya ce, “Anya motar nan ba ta yi ƙasa da yawa ba?” Na ce haka ake ƙera su, don iska ta riƙa bi ta sama. (Wannan ma a gem na karanta.)

A kan kwalta, gaskiya ɗaya ce, motar ta yi abin da aka ce. Yaya na taɓa totur sai ta zabura. Muka wuce wata doguwa irin wadda muka ƙi, cike da fasinja tana nishi. Na miƙa wuya tsakanin kujerun gaba na ce, “Yaya, ka ga uku da ɗan wani abu can.” Ya yi dariya, dariyar da rabon da in ji ya yi tun kafin rasuwar Baba. Minti ashirin ɗin nan su ne mafi daɗi da na yi a shekarar. Su ne kuma suka fi ci mani rai yanzu.

Sai muka sauka daga kwalta.

An yi ruwa kwana biyu a jere. Tayoyin manyan motoci sun haƙe hanyar gefe da gefe, sun bar tudu a tsakiya. Ba mu yi nisa ba muka fara jin ƙasan motar na gurzar ƙasa, ƙurrr, kamar ana jan kwano a siminti. Inna ta kama salati. Duk inda aka zo rami sai mu fita mu huɗu, mu taka a ƙasa, Yaya ya lallaɓa ya wuce, mu sake shiga. Sau biyar muka yi haka. Matar Yaya ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, kallona kawai take yi.

A wani kwari da ruwa ya kwanta, Yaya ya ce mu zauna kawai, ya gaji da tsayawa. Kuma wurin ba na tsayawa ba ne: dawa ta yi tsawo dama da hagu, ba gida, ba mutum. Ya shiga ruwan a hankali. Muna tsakiya muka ji gwaram daga ƙasa, har sai da haƙorana suka haɗu. Dutse ne a ɓoye cikin ruwan. Motar ta haye, ta ci gaba da tafiya. Can sai wata jar fitila ta kama a gaban Yaya, mai siffar 'yar buta.

Yaya a tsohuwar akori-kura ya koyi tuƙi, wadda ba fitila ko ɗaya da ke kamawa a gabanta. Ya waiwayo ya ce, “Wannan jar abar fa? Me take nufi?”

A gem, in ka daki wani abu, jan haske yakan kama na ɗan lokaci, ka ci gaba da gudu, in an gama tsere motar ta dawo sabuwa. Na ce, “Alama ce kawai, Yaya. Taka mu bar wurin nan.”

Ya taka. Ba mu yi tafiyar minti biyar ba injin ya fara ƙwanƙwasa kamar ana dakan ƙarfe, ya yi wata irin ƙara, ya mutu. Da muka fito muka waiwaya, sai ga baƙin layi a kan hanya tun daga kwarin har inda muka tsaya. Duk man injin ya tsiyaye.

Wanda bai san yankinmu ba, ba zai gane irin shirun da ya biyo baya ba. Ba lalacewar motar ce a ran kowa ba. Muna tsaye a tsakiyar dawa da tsohuwa, waya ba sabis. Can muka ji ƙarar babur daga nesa, kowa ya ƙame. Inna ta kama hannun surukarta. Ni masanin mota, ina gaya maka gaskiya, na fara duba ta inda zan faɗa cikin dawar. Da babur ɗin ya ƙaraso, ashe wani bawan Allah ne da jarkokin manja zai kai kasuwa. Shi ya je ya kira mana wani manomi daga wata unguwar Maguzawa da ke kusa, dattijo mai fara'a, ya zo da shanunsa biyu da igiya.

Haka muka shiga ƙauyen su Rabi, rana ta take: shanu a gaba suna ja, Yaya a ciki yana riƙe da sitiyari, ni da Baba Sale a baya muna turi, farar shaddata ta koma kalar hanya. An daɗe da raɗa suna, an yanka rago, har an fara watsewa. Wata mata ta hango Inna ta ɗauki guɗa, da ta ga abin da ke biye sai guɗar ta katse a tsakiya. Da aka kwance igiyar, na ga Yaya ya tsaya yana shafa wuyan ɗaya daga cikin shanun, ya daɗe. Na kawar da kai.

Kana tsammanin nan ne ƙarshen kunyar? Ni ma haka na zata. A nan ai har tausaya mana aka yi, ana cewa tsautsayi ne. Yaya da bakinsa yake gaya wa mutane, “Motar tana da kyau, hanyar ce ba ta da kirki. Ƙanena ya bincika ta sosai.” Ni kuma ina gyaɗa kai.

Washegari aka samu wata akori-kura ta ja motar zuwa Mairuwa, garejin Malam Haruna, tsohon makaniken da direbobin hanyar suka yarda da shi. Ni da Yaya da Baba Sale muka bi ta. A rumfar akwai direbobi uku ko huɗu suna jiran aikinsu. Malam Haruna ya shiga ƙarƙashin motar, ya jima, ya fito yana goge hannu.

“Tukunyar mai ta fashe. Wannan da sauƙi. Amma an ci gaba da tafiya ba mai, injin ya buga. Kuma irin injin nan ba a samunsa a Funtua, sai an cigita a Kano, in ma an dace.” Ya dubi Yaya. “Halan ba haya za ka yi da ita ba? Wa ya ba ka shawarar wannan?”

Ba da faɗa ya yi tambayar ba. Yaya kuwa, don ya kare ni, ya sa hannu a aljihu ya zaro takardar nan. Ta jiƙe da gumi, ta yi laushi a wuraren ninki. Ya miƙa ya ce, “Ba da ka muka saya ba, Malam. Ga gwajin masana. Tara ta ci.”

Malam Haruna ya sa tabarau ya duba. Direbobin suka matso. Ya bi layukan da yatsa.

“Gudu. Birki. To ina tsayinta daga ƙasa? Ina shan mai? Ina buhu nawa take ɗauka? Su masanan ba su auna waɗannan ba?” Ya ɗago ya dube ni. “Samari, su wane ne suka fitar da wannan? Nuna mana, mu ma mu ƙaru.”

Na ce ba ni da data. Wani direba ya ce zai buɗe mani tasa. Na ce cajina ya kusa mutuwa. Malam Haruna ya nuna mani soket a jikin ginshiƙi. Na fara lalube a wayar, ina shiga nan ina fita can, ina addu'ar Allah ya kawo wani abu, ko da guguwa ce. Sai Yaya, cikin son taimako, ya karɓi wayar daga hannuna.

“Kawo, ai na ga inda kake dannawa kullum. Ga shi nan, mai hoton jar mota.”

Ya danna. Na manta ban rage sauti ba.

Kiɗa ya tashi a rumfar kamar gidan biki, da rurin injina, da wata muryar Bature tana ihu. Ga baƙar motarmu nan a fuskar wayar tana juyawa a hankali, tana ƙyalli, wuta na fita daga salansarta. A ƙasanta ga layuka huɗun, daidai da na takardar, ba ragi ba ƙari. A gefe kuma ga kofunana uku.

Sai wani direba mai jar hula ya leƙo ta kafaɗar Yaya ya ce, “Yo wannan ai gem ne. Matata ma tana buga shi in ta gama girki.”

Ɗaya ya fashe da dariya, sauran suka kama. Har da mai dukan benci. Malam Haruna bai yi dariya ba, ya cire tabaransa kawai ya ce, “Kuma ko a nan ɗin ma ba ita ba ce. Dubi, wannan ƙofa biyu gare ta, ta tsere ce, injinta daban. Taku ƙofa huɗu, ta fi shekara ashirin tana yawo. Fitilun ne kawai suka yi kama.” Baba Sale ya ja carbi yana ta “Innalillahi”, kamar an aiko da rasuwa.

Dariyar ba ta dame ni ba kamar fuskar Yaya. Yana tsaye da wayar a hannu, kiɗan na ci gaba, bai san yadda ake kashewa ba. Ya dubi wayar, ya dubi takardar, ya dube ni. Na so ya mare ni a gaban kowa, da na samu sauƙi. Sai ya miƙo mani wayar a hankali ya ce, “Kashe.”

Muna tsaye a bakin titi muna jiran motar Faskari ya sake magana, ba tare da ya kalle ni ba.

“Da ka ce mani wasa ne, da ban ji haushi ba. Ni ban yi boko ba. Shi ya sa na tambaye ka.”

Iyakar abin da ya faɗa ke nan a kan maganar, daga ranar har yau. Ya kuma hana Baba Sale gaya wa Inna. Har yanzu ita a saninta dutse ne ya cuce mu, takan ma yi wa dutsen Allah ya isa, ni kuma ina zaune ina ji.

Injin bai samu ba. Bayan wata uku masu sayen kayan gyara suka zo suka kwashe motar gunduwa-gunduwa. Yaya yanzu motar wani yake ja, hanyar Funtua zuwa Sabuwa, hanyar da kowa ya san yadda take. Sau ɗaya a sati yake kwana gida. Duk ranar da ya yi jinkirin kira, Inna ba ta iya cin abinci, ni kuma in kasa haɗa ido da 'ya'yansa.

Ranar da na buɗe gem ɗin don in goge shi, sai na tarar sun sabunta shi. Sun kawo sababbin motoci, sun sake lissafin tsofaffin. Baƙar motarmu ta sauko daga tara ta koma shida. Ba gwaji aka sake ba, ba komai, wani ne kawai a wani ofis ya ga dama ya canza lamba don a so sababbin. Na zauna ina kallon shidan nan na tsawon lokaci. Ban ma iya jin haushinsu ba. Su ba su taɓa cewa in ɗauki Inna da rabin buhun shinkafa in shiga kwari ba. Wasa suka yi, suka kira shi wasa. Ni ne na ja masa layi da rula.

Kwanakin baya Baba Sale ya same ni a shagon cajin waya da nake tsare wa wani yanzu. Injin ban ruwa yake so ya saya don 'yar fadamarsa ta bayan gari, an nuna masa iri biyu. Ya zaro takardunsu ya ajiye a gabana ya ce in duba masa wanda ya fi. Ban sani ba ko gwada ni yake yi. Na ji tsohon ciwon nan ya motsa, bakina har ya fara buɗewa da bayani. Na haɗiye.

Na ce, “Baba, ban sani ba. Ka tambayi wanda ya yi rani biyu yana aiki da su.”

Ya daɗe yana kallona, sannan ya tattara takardunsa ya miƙe.

“Madalla,” ya ce. “Ashe dai kwalejin ba ta tafi a banza ba.”

Kalma uku ce, ban, sani, ba. Ba su da nauyi a baki, ba a biyan ko sisi a faɗe su. Ni dai sai da gidanmu ya rasa shanu biyu da mota ɗaya kafin na iya haɗa su.